Tambayoyi da amsoshi kan saita faɗin hanyar bayanai a direban katin memori

Ina da ɗan shago a wajen Wunti, cikin garin Bauchi, inda nake gyaran fanel ɗin waya da ƙananan allunan kwamfuta. Duk shekara idan lokacin furojet ya yi, ɗaliban Gwallameji da na Yelwa sukan cika min benci da Raspberry Pi da BeagleBone da ESP32, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo min allon da memori ya ƙi karantuwa a kansa ba, ko yana karantuwa amma da tafiyar hawainiya. Tambayoyin ba sa canzawa, har na gaji da zana amsar a bayan kwalin batir. Ga su nan na tara. Yawancin bayanin a kan Linux ne, domin a nan ne mutum ke iya taɓa saitin da hannunsa.

Wai mene ne faɗin hanyar bayanai?

Ciro memorin wayarka ka juya bayansa. Za ka ga haƙora takwas masu ruwan zinariya. Babban katin SD irin na kyamara tara gare shi. A ƙaramin, ɗaya na kawo wuta, ɗaya na ƙasa ne, ɗaya shi ne CLK mai bugun agogo, ɗaya kuma CMD wanda umarni da amsa suke bi. Sauran huɗun, DAT0 da DAT1 da DAT2 da DAT3, su ne layukan da bayanan kansu suke wucewa. Faɗin hanya shi ne yawan layukan da aka saka a aiki lokaci guda: ɗaya, ko huɗu, ko takwas idan eMMC ne, wato cif ɗin ajiya da ke manne a fanel.

Wanda ya taɓa zuwa noman gayya ya riga ya fahimci abin. Agogo shi ne mai gangar noma, kowane layi manomi ne da kunyarsa, duk bugu ɗaya kowa ya yi sara ɗaya. Bait guda bit takwas ne. Manomi ɗaya sai an buga masa ganga sau takwas kafin ya gama bait, huɗu bugu biyu ya ishe su, takwas bugu ɗaya. Amma a wannan gayyar kowane bait rarraba shi ake yi tsakaninsu, don haka idan fartanyar mutum ɗaya ta karye, aikin sauran ukun ma ya tashi a banza. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Katin MMC na farko da SanDisk da Siemens suka fitar a 1997 haƙora bakwai ne da shi, layin bayanai ɗaya tal. Katin SD na 1999, wanda SanDisk da Panasonic da Toshiba suka haɗu suka yi, shi ya zo da huɗu.

Nawa ne bambancin gudun?

Lissafi ne mai sauƙi: saurin agogo sau yawan layuka, a raba da takwas. A gudun yau da kullum na SD agogo yana kan megahaz 25. Layi ɗaya zai ba ka megabait 3 da 'yan kai a daƙiƙa, huɗu su ba ka 12.5. A babban gudu na megahaz 50, layi ɗaya megabait 6.25 ne, huɗu kuma 25. Daga nan sai matakan UHS-I da ke aiki da sigina mai bolt 1.8: SDR50 da DDR50 suna kai megabait 50, SDR104 yana kai 104 a kan agogo mai megahaz 208. Waɗannan matakan duk sai da layi huɗu ake shigarsu, wanda ya tsaya a layi ɗaya ba shi da rabo a ciki.

Lambobin nan iyaka ce ta hanya. Abin da za ka gani a gwaji yakan ɗan yi ƙasa, saboda umarni da amsa da lambobin tantancewa su ma suna cin lokaci.

Wa ke yanke hukuncin faɗin: kati, ko direba, ko allo?

Su ukun ne, sai dai ɗaya daga cikinsu bebe ne.

Kowane kati idan ya samu wuta a layi ɗaya yake farkawa. Kwantirola, wato sashen babban cif da ke hulɗa da memori, tana yi masa magana a hankali, agogo bai wuce kilohaz 400 ba, ta tambayi ko shi wane ne, ya ba ta adireshinsa, ta zaɓe shi da umarnin CMD7. Sai direba, wato manhajar da ke sarrafa kwantirolar, ya karanta wata 'yar rajista ta bait takwas mai suna SCR ta hanyar ACMD51, a ciki kati ya rubuta faɗin da yake iyawa. Ita ma kwantirola direbanta ya san abin da take iyawa. Idan duka biyun sun ce huɗu, sai a aika CMD55, a biyo shi da ACMD6 ɗauke da lamba 2, kati ya koma layi huɗu, sannan direba ya juya kwantirola ita ma.

Na ukun shi ne allon kansa, wato wayoyin tagulla da suka tashi daga ƙafafun babban cif zuwa gidan memori. Shi ba ya magana. Babu umarnin da za a aika a tambaye shi ko an ja DAT2, ko dalmar DAT3 ta kama. Dole mutum ne zai gaya wa direba, kuma lambar da kake rubutawa a saiti shaida ce kake bayarwa a madadin allon. Idan ka yi shaidar zur, direba zai yarda da kai ba tare da musu ba.

A ina zan rubuta lambar a Linux?

A allunan ARM, cikin fayil ɗin da ke siffanta wa kanel, wato zuciyar Linux, kayan da ke kan allo, wanda sunansa ke ƙarewa da dts, ana kuma haɗa shi ya zama dtb. Nemi sashen kwantirolar memori, zai yi kama da wannan:

```
&mmc0 {
	pinctrl-names = "default";
	pinctrl-0 = <&mmc0_pins>;
	bus-width = <4>;
	status = "okay";
};
```

Lambobi uku kaɗai ake karɓa: 1, 4, 8. Idan ka rubuta 2 ko 16, `mmc_of_parse`, wanda shi ke karanta wannan sashen, zai mayar da kuskure, kwantirolar ma ba za ta tashi ba. Idan ka rubuta 4 zai ɗaga tutar `MMC_CAP_4_BIT_DATA`. Idan 8 ne zai ɗaga ta takwas ya haɗa da ta huɗu, domin a samu wurin saukowa.

Tarkon yana wurin rashin rubuta layin gaba ɗaya. Idan babu `bus-width`, ɗauka ake yi ɗaya ne, shiru, ba gargaɗin da zai ja idonka. Wani yaro ya taɓa kawo min allo mai araha da ya yi oda daga waje, ya canza memori har uku yana zagin masu sayarwa, gudun karatu ya ƙi wuce megabait 6. Fayil ɗin da ya kwafo ba shi da wannan layin. Muka ƙara shi, muka haɗa dtb da `dtc`, muka sake kunnawa, gudu ya haura 20. Kuɗin memori biyun dai sun riga sun tafi.

Akwai togaciya guda: direbobin dangin SDHCI (wata ƙa'idar ƙirar kwantirolar SD) da yawa suna ɗaga tutar huɗu da kansu sai in an hana su. Tutar takwas kuwa ba sa ɗagawa don kawai kwantirola tana iyawa, kuma waɗanda suka rubuta direban sun bar dalilin a cikin lambar: kwantirola na iya ɗaukar takwas alhali allon bai fito da ƙafafun ba.

Ta yaya zan san a kan layi nawa nake yanzu?

Gani ya kori ji. Da ikon rut, wato na babban mai iko da tsarin, buga:

```
cat /sys/kernel/debug/mmc0/ios
```

Za ka ga saurin agogo, da ƙarfin wutar sigina, da matakin gudu, da layin da ke cewa `bus width: 2 (4 bits)`. Kada lamba 2 ta ruɗe ka, ta ruɗi mutane da dama har wani ya rantse min allonsa layi biyu yake yi. A cikin kanel 0 na nufin layi ɗaya, 2 na nufin huɗu, 3 na nufin takwas, wato sau nawa za a ninka biyu. Babu yanayin layi biyu a SD ko eMMC.

Idan abin da katin ya ce game da kansa kake son gani, shiga `/sys/bus/mmc/devices/`, buɗe jakar katin, karanta fayil ɗin `scr`. Dubi harafi na huɗu daga hagu. Kusan kullum 5 ne, wanda a lissafin sifili da ɗaya 0101 ke nan: yana iya layi ɗaya, yana iya huɗu. Ƙa'idar SD ta wajabta wa kowane katin ajiya ya iya duka biyun, don haka da wuya matsalar faɗi ta fito daga katin.

Masu shiga U-Boot, wato manhajar da ke tayar da allo kafin Linux, `mmc info` yana nuna faɗin kai tsaye. Amma ka sani U-Boot da Linux kowa da nasa direban, sau da yawa kowa da nasa dtb, gyaran ɗaya ba ya gyara ɗayan. Gwajin gudu kuwa wannan ya isa:

```
dd if=/dev/mmcblk0 of=/dev/null bs=1M count=200 iflag=direct
```

Ka duba `if` da `of` sau biyu kafin ka danna. `if` ne wurin karantawa, `of` wurin rubutawa, kada katin ya faɗa a `of`.

Na sa 4, Linux ya ga katin har ya faɗi girmansa, amma ya kasa karanta komai. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa shagona, kuma alamarta ta fi kowace bayyana ga wanda ya san jerin da na zayyana a sama. Sunan kati da adireshinsa da girmansa duk ta layin CMD suke zuwa. SCR ta DAT0 kaɗai take zuwa, tun ana layi ɗaya. Shi kansa umarnin komawa layi huɗu ta CMD yake bi, don haka yana yin nasara ko da an gutsure DAT1 zuwa DAT3 da almakashi. Shi ya sa `dmesg` zai yi maka albishir da sabon kati, ya rubuta `mmcblk0` da gigabait ɗinsa, sannan a karatun farko na teburin rabe-raben kati komai ya rushe. Lambobi biyu za ka fi gani: -84, wato bayanan sun iso amma lissafin tantancewa bai yi daidai ba, ko -110, wato an jira har lokaci ya ƙare. Kowane layi yana ɗauke da nasa lambar tantancewa ta CRC mai bit 16 a ƙarshen kowane tubali, layi ɗaya ya faɗi, tubalin duka ya faɗi. Manomin nan ne mai karyayyar fartanya.

Gwaji na farko ba ya cin ko sisi: mayar da `bus-width` zuwa 1. Idan katin ya karantu lafiya, ka wanke katin, ka wanke CLK da CMD da DAT0 da wuta. Saura layuka uku da za a tuhuma.

Ni da gidan memori nake farawa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙurar hunturun Bauchi tana shiga ko'ina, idan ta haɗu da ɗan danshin hannu sai ta zama wani siririn ɓawo a kan ƙarfen. Akwai wata ɗaliba da ta kawo na'urar auna zafin rumbun hatsi, ta ce min, "Oga, wallahi jiya yana yi, ban taɓa komai ba." Na sa madubin ƙara girma a bakin gidan: ƙarfen da ke can gefe, na DAT2, ya ɗan kwanta ƙasa da 'yan'uwansa kamar haƙorin da ya fara girgiɗi, ga wata jar ƙura a gindinsa. Na wanke da sifirit da burushi, na ɗago shi da bakin allura, na mayar da saitin 4, aiki ya tashi. Ƙarafen gefe, DAT2 a wannan ɓangaren da DAT1 a wancan, su suka fi shan wahala idan ana cusa kati a karkace.

Idan gidan lafiya yake, sai mita. Auna kowane layi daga ƙafar gida zuwa inda ya nufa, ka kuma auna tsakanin maƙwabta ko dalma ta haɗe biyu. Bayan nan dubi `pinctrl`. Ƙafafun cif suna da ayyuka da yawa, kuma idan rukunin da ka nuna ya ƙunshi CLK da CMD da DAT0 kaɗai, ko wani sashe kamar UART ya riga ya karɓe ɗaya daga cikin ƙafafun, to `bus-width = <4>` rubutu ne a kan ruwa. Sai resistocin da ke ɗaga layi sama: CMD da duk layukan bayanai suna son a ja su zuwa wuta da resisto tsakanin kilo-om 10 zuwa 100.

Na ƙarshe shi ne dogayen wayoyi. Ɗalibai na son haɗa gidan memori da wayoyin tsalle masu tsawon taki guda, wannan ja, wancan kore, kowanne da tsawonsa. A kilohaz 400 komai yana wucewa, a megahaz 50 layuka huɗun ba sa isowa tare kuma suna yi wa juna kutse. Ƙara `max-frequency = <12000000>;` ka gani. Idan kuskuren ya ɓace, ba layi ne ya yanke ba, siginar ce ba ta da tsabta, maganinta gajeriyar waya da ƙasa mai kyau.

To me zai hana in bar shi a 1 in huta?

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a nan yana ɗauka, jinkiri ne kawai. Idan na'urarka lambobi kaɗan take rubutawa duk minti, kamar mai lura da cajin batirin sola ko mai ƙirga litar ruwan burtsatse, megabait 3 a daƙiƙa ya yi mata yawa ma, kuma ka tsira da ƙafafu uku da za ka yi wani aikin da su.

Misalin da kowa ya sani shi ne ESP32-CAM. DAT1 ɗinsa yana kan GPIO4, ƙafar da fitilar filasha take, shi ya sa fitilar ke walƙiya duk lokacin da ake rubutu a memori. DAT2 kuma yana kan GPIO12, wadda cif ɗin ke dubawa lokacin tashi don zaɓen ƙarfin wutar ma'ajiyarsa ta ciki; idan resisto ya ja ta sama a wannan lokacin, allon na iya ƙin tashi sam. Rubuta `SD_MMC.begin("/sdcard", true)` ya sa shi a layi ɗaya, ka rabu da ciwon kai biyu. Sai dai ko a layi ɗaya kada ka bar DAT3 na katin a ƙasa: idan kati ya same shi a ƙasa lokacin CMD0, ɗauka yake ana son yanayin SPI, wata hanyar magana ta daban, ya shige can ya ƙi fitowa sai an yanke masa wuta.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ga layi ya lalace a allon da babbar manhajarsa ke zaune a kan memori, a sauke zuwa 1, a miƙa wa mai kaya a ce an gyara. Gidan da ƙarfe ɗaya ya kwanta, gobe na kusa da shi ne zai bi, kuma idan DAT0 ne babu sauran wurin saukowa.

Kwantirolata tana iya 8. Zan iya sa wa microSD?

A'a. Haƙoran bayanai huɗu gare shi, SCR ɗinsa ma ba ta da wurin cewa takwas. Idan ka rubuta 8 a gidan SD, Linux zai tsaya a huɗu, ba ka ƙaru da komai ba, ka dai bar ƙarya a fayil ɗin da wani zai gada.

Yaya abin yake a eMMC?

eMMC shi ne cif ɗin ajiya da ke manne a fanel, kuma a nan ne takwas take aiki, DAT0 zuwa DAT7. BeagleBone Black misali ne mai kyau don yana da duka biyun: gidan microSD a layi huɗu, eMMC a takwas. Hanyar sauyawar daban ce. Babu ACMD6, CMD6 ake aikawa a rubuta a bait na 183 na wata babbar rajista mai bait 512 da ake kira EXT_CSD. Sifili layi ɗaya ne, 1 huɗu, 2 takwas, 5 da 6 kuma huɗu da takwas ne masu aika bayanai a hawa da saukar kowane bugun agogo. A megahaz 52 da layi takwas ana samun megabait 52, ninki biyun ya kai 104. HS200 yana kai 200, HS400 da ya zo da eMMC 5.0 yana kai 400 kuma shi dole sai takwas.

Wani abin da na yaba wa Linux a nan: ba ya yarda da shaidarka ido rufe kamar yadda yake yi wa SD. Yakan gwada takwas, ya sake karanto EXT_CSD ya kwatanta da wanda ya karanta tun ana layi ɗaya, ko ya yi gwajin layuka da CMD19 da CMD14. Idan bai dace ba ya sauko huɗu. Illar ita ce allo mai tsagaggiyar dalma a ƙarƙashin cif zai ci gaba da aiki a rabin gudu, ba wanda ya sani sai an leƙa `ios`. Idan ka rubuta `non-removable` da `bus-width = <8>` amma ka ga 2 maimakon 3, nemi matsalar tsakanin DAT4 da DAT7.

'Yan'uwana masu filashin sun daɗe suna amfani da wannan ilimin ko ba su kira shi da suna ba. Idan waya ta mutu aka lika siraran wayoyi a fanel zuwa akwatin UFI ko Easy JTAG, CLK ne da CMD da DAT0 da wuta da ƙasa. Layi ɗaya ke nan, kuma cif ɗin yana amsawa ne saboda kowane eMMC a layi ɗaya yake farkawa. Shi ya sa kwashe gigabait 16 ta wannan hanya sai ka je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo bai gama ba, alhali idan aka ɗaga cif ɗin da bulowa aka sa a soket mai layi takwas abin ba ya jimawa.

Gargaɗi ɗaya: bait na 177 shi ke riƙe da faɗin da cif zai yi amfani da shi lokacin tashin farko, kuma shi ba ya gogewa idan an ɗauke wuta. Kada ka taɓa shi sai ka san abin da babban cif yake tsammani.

Direba nake rubutawa da kaina. Me zan kiyaye?

Kati tukuna, kwantirola daga baya, kuma kada wani karatu ko rubutu ya gifta a tsakani. ACMD6 ba ya karɓuwa sai kati yana halin musayar bayanai, wato bayan CMD7, kuma ba a kulle yake da kalmar sirri ba.

A Linux rabon aikin a fili yake. Abin da ke `drivers/mmc/core` shi ke magana da kati, naka a `drivers/mmc/host` shi ne ka cika `set_ios`, ka duba `ios->bus_width`, ka juya rajistar kwantirolarka. A kwantirola mai bin ƙa'idar SDHCI rajistar tana adireshi 0x28: bit na 1 shi ne huɗu, bit na 5 shi ne takwas. Kuskuren da na fi gani wurin masu koyo shi ne sun iya kunnawa, sun manta kashewa. An cire kati an sa wani, ko an aika CMD0, ko na'ura ta yi barci an yanke wa kati wuta: shi ya koma layi ɗaya, kwantirola tana nan a huɗu tana jiran bayanai daga layukan da ba kowa a kai. Alamar ita ce katin farko yana yi, na biyu ba ya yi sai an sake kunna allo. Duk lokacin da aka ce maka ɗaya, share bit biyun duka.

Akwai kuma resisto mai kimanin kilo-om 50 a cikin katin kansa a kan DAT3, wanda aka tanada don gane an sa kati. ACMD42 ke cire shi, kuma ƙa'ida ta so a cire lokacin musayar bayanai don layuka huɗun su zama daidai.

Cif ɗin Wi-Fi ɗina ma a kan mmc yake. Saitin ɗaya ne?

A dts ɗaya ne, `bus-width = <4>` tare da `non-removable`. A ƙasa kuwa SDIO ne, wato hanyar SD ta na'urorin da ba na ajiya ba, faɗin ana rubuta shi da CMD52 a rajista ta 7 ta rukunin rajistocin cif ɗin da ake kira CCCR. Abin lura shi ne DAT1 yana aiki biyu, yana ɗaukar bayanai kuma ta nan cif ke ƙwanƙwasa wa kwantirola cewa saƙo ya iso. Don haka ko a layi ɗaya kada ka bar DAT1 ba a haɗe ba, in ba haka ba sai dai direba ya riƙa leƙawa da kansa. A Raspberry Pi ba sai ka buɗe dts ba, `dtoverlay=sdio,bus_width=1` a `config.txt` ya wadatar.

Zan iya canza shi a wayar Android, ko a Windows, ko a kad rida?

A Android kanel ɗin Linux ne, amma dtb yana ƙunshe cikin manhajar da kamfani ya sa wa hannu, kuma sun riga sun rubuta abin da ya dace da fanel ɗinsu. Babu wata manhajar da za ka sauke ta faɗaɗa maka hanya. A Windows direba ne ke sasantawa da kati, ba maɓallin da aka bar wa mai amfani. Kad rida ta USB kuwa kwamfuta ba ta ma san akwai katin SD a ciki ba, filash take gani, shi ya sa a Linux yake fitowa da `sdb` ba `mmcblk0` ba. Ɗan cif ɗin cikin ridar ne ke yin duk maganar. Masu tura wa'azi da finafinai a memori, idan rida ɗaya ta fi sauran jinkiri, a canza ta kawai.

`ios` ya nuna huɗu, babu kuskure, amma har yanzu yana jan ƙafa.

To ka bar faɗi, ya yi nasa. Dubi layin agogo da na matakin gudu a wannan fayil ɗin. Idan kana kan megahaz 25, wataƙila `cap-sd-highspeed` ne babu, ko wani ya bar `max-frequency` ƙarami tun lokacin gwaji. Idan kati na UHS-I ne amma sigina tana bolt 3.3, ko dai allon ba shi da abin sauke wuta zuwa 1.8, ko an rubuta `no-1-8-v`. Kada ka goge wannan layin don kwaɗayin gudu sai ka ga zanen allon da idonka. Raspberry Pi 4 a DDR50 ya tsaya, sai Pi 5 ne ya kai SDR104, kati ɗaya zai ba ka gudu biyu a kansu.

Sannan katin kansa. Lamba 10 cikin da'ira alkawarin megabait 10 ne na rubutu, U3 da V30 alkawarin 30. Ga allon da babbar manhaja ke kan memori, alamar A1 ko A2 ta fi waɗannan muhimmanci, domin ƙananan fayiloli barkatai ake karantawa, kuma a nan jinkirin cikin katin ne ke mulki, ba faɗin hanya ba. Jabun kati kuwa sun cika gari, kwali ya ce gigabait 64, ciki 8. Gwada da `f3write` da `f3read` a Linux, ko H2testw a Windows, kafin ka ɗora wa direba laifi.

Sababbin wayoyi da katuna fa, har yanzu wannan maganar tana aiki?

Manyan wayoyi sun koma UFS, wanda ke aika bayanai a jere ta tagwayen layuka, direbansa ma daban ne, ba ya ƙarƙashin mmc. Katin UHS-II yana da sahu na biyu na haƙora, SD Express da aka sanar a 2018 kuma PCIe da NVMe yake magana. Amma duk waɗannan katunan sun riƙe tsohon sahun haƙoransu. Ka sa microSD Express a gidan tsohon Raspberry Pi, zai farka a DAT0, ya jira CMD55 da ACMD6 kamar katin 1999. Ƙananan wayoyin da suka fi yawa a aljihun mutanen Muda Lawal da dikodoji da akwatunan Android na talabijin kuwa har yau eMMC ne a cikin mafi yawansu, kuma su ne ke cika min benci idan ɗalibai sun tafi hutu.